Kunyar Ɗan Fari

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa a firamare a cikin garin Daura, kuma duk wanda ya zauna ajina zai shaide ni a kan abu ɗaya: ba na manta suna. Ko yara saba'in aka tara mini, mako biyu ya ishe ni in haddace su, har in san wanda zan haɗa da sunan ubansa da wanda zan haɗa da unguwarsu. Iyaye har gida suke biyo ni. Uwa za ta jawo ɗanta da kunne ta dire shi gabana ta ce, "Malama, ki yi mashi magana, ke kaɗai yake ji." Ni kuwa sai in gyara zama in juya kan uwar. In ce mata ta daina yi wa yaro magana tana tafiya, ko tana tuƙin tuwo ta juya masa baya. Ta zauna, ta zaunar da shi, ta kira sunansa, ta dube shi, ta faɗi abu ɗaya tak, sannan ta yi shiru ta ji abin da zai ce. Da yawa sun dawo sun yi mini godiya. Shawarar tana aiki, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Shekarar da ɗana na fari ya shiga aji huɗu, ajina aka kawo shi. Ranar farko na buɗe rajista ina kira suna amsawa, har na zo lamba goma sha bakwai, sai bakina ya tsaya. Na ɗaga kai na gan shi, ya riga ya fara miƙewa zai amsa. Na sa masa alama na wuce na gaba. Ajin ya kwashe da dariya, don duk sun san dalili, shi kuwa ya koma ya zauna a hankali. Haka muka yi shekara guda. Daga baya ya samo dabara da kansa: da mai lamba sha shida ya amsa, sai ya ɗaga hannu ba tare da ya ce komai ba, in gani in wuce. A lokacin har daɗi na ji, na ce yaron nan akwai hankali.

A gidanmu na Sandamu na haife shi. Aka raɗa masa sunan surukina, wanda ya rasu kafin aurenmu, sai abin ya zama kwaɗo biyu a ƙofa ɗaya: ga kunyar ɗan fari, ga sunan suruki da ba ya fitowa daga bakin matar ɗa. Tun kafin a watse taron suna mahaifiyata ta ja mini kunne. In ya yi kuka gaban mutane kar in yi zumbur in ɗauka, in bari wata ta miƙo mini shi. In zan ba shi nono in juya wajen bango. Kar a kama ni ina kallonsa ina murmushi. Ban ga wani abu a ciki ba, haka na taso na ga ana yi. Ni ce ta huɗu a ɗakinmu, sunana kuwa daga safe zuwa magariba yana bakin mahaifiyata, yawanci don aike ko faɗa. Yayarmu ce ta fari, kuma kullum ina ganin ita ta more, tun da ba a ƙwala mata kira. Har ta rasu ban taɓa tambayarta yadda abin yake a wajenta ba.

Akwai kuma wani dalili da ya kamata in faɗa, don kar in ɗora wa al'ada duka laifin. Ni ce 'yar boko ta farko da aka auro gidan. Dangin miji sun zuba ido su ga ko makaranta ta wanke mini ido, ko zan riƙa kiran ɗana gatsal ina ɗora shi a cinya gaban surukai. Na yi alkawari a raina ba za su samu abin faɗa ba. Abin da sauran mata suke yi shekara biyar ko goma su sassauta, ni na riƙe shi da hannu biyu. A gidan biki sai a nuna ni a ce, "Kun ga Malama, duk karatunta ko laƙabinshi ba ta faɗi." In sunkuyar da kai, raina fari tas.

Da aka yaye shi surukata ta ɗauke shi. Ba wani gari aka kai shi ba, ɗakinta yana fuskantar nawa, taku goma ne tsakani. Ita yake kira Inna. Ni kuma ya ji 'yan makaranta suna ce mini Malama, sai ya bi sahu, ba wanda ya gyara masa. Ƙannensa huɗu da suka biyo baya duk Mama suke cewa, su hau jikina, in zage su, in yi musu tatsuniya, in dake su in sun yi laifi. Shi ban taɓa dukansa ba. Wata rana na ji yana gaya wa ƙaninsa da na zane, wai ya daina kuka, ai shi ya ji daɗi. Na ɗauka zolaya ce irin ta yara.

Magana da shi kuwa na ƙware a kanta ta bayan gida. In na ajiye masa abinci sai in dubi tukunya in ce, "Ga tuwo nan a rufe, in akwai mai so." In hadari ya taso in dubi sama in ce, "Wasu kayansu na kan igiya." Bango ya sha jin maganata, haka ma turmi. Kajin gidan nan kuwa sun ji nasihar da da mutane ne da sun zama malamai. Shi kuma ya iya tsintar rabonsa a ciki, ya tashi ya yi abin da ake so ba tare da ya nuna ya ji ba.

Yana da shekara bakwai zazzaɓi ya kwantar da shi cikin damina, kwana huɗu ba ya cin komai. Na dawo daga makaranta da azahar na tsaya bakin ƙofar surukata na ce, "Inna, ya mai jiki?" Tana zaune tana goga masa jiƙaƙƙen tsumma. Ta dube ni ta ce, "Shigo mana ki taɓa shi, ba kowa." Ita da kanta ta buɗe mini hanya. Na cire takalmi ɗaya, sai na ji sallamar maƙwabciya daga zaure, ta zo dubiya. Na mayar da takalmina na koma ɗakina na zauna bakin gado. Ya warke bayan kwana uku, aka ci gaba da zama yadda aka saba.

Gaskiya dai, muddin surukata na raye abin bai ɓaci ba, don ita ce take kai magana ta dawo da amsa. In na ga ya fara daɗewa wajen ƙwallo har a kira magariba, ita nake gaya wa. Ba ta kiransa nan take. Sai ta dama fura, ta ce, "Ina angon nawa? Zo ka taya ni, ta yi mani yawa." Suna sha tana zolayarsa, wai in ya ci gaba da yawo za ta sake shi ta auri mai zaman gida. Cikin dariya za ta saka maganar, washegari kafin ladan ya buɗe baki yana gida. Ta dawo wajena ta ce, "Takalminshi ya tsinke, nauyin faɗi yake ji," ko ta ce wani babban yaro na tare shi a hanya. Duk abin da na sani game da ɗana daga bakinta na ji shi. Ba ta taɓa shiga aji ba, amma abin da nake koya wa iyaye da baki ita take yin sa a gabana kullum.

Ta rasu yana da shekara goma sha bakwai, lokacin ana girbin gero. Da aka dawo daga maƙabarta ya shigo ya tsaya a tsakar gida, ƙafafunsa duk ƙasa. Ya dubi ƙofar ɗakinta, an fito da tabarmarta an jingine. Ya dubi tawa. Ina zaune cikin mata masu gaisuwa, ina ganinsa sarai, na kuma gane bai san ƙofar da zai nufa ba. Na kira ƙanwarsa na ce ta kai wa yayanta ruwa.

Daga nan ya koma shagon da ke jikin zaure, saƙo kuma ya koma hannun ƙanwar tasa, mai shekara sha biyu. Yarinya ce mai kaifin baki, ba ta san kwana-kwana ba. Zan zauna in yi ta bayani, in ce ina ganin yayanta ya rame, ko wani abu na damunsa, ko abokan nan nasa mutanen kirki ne. Ta ruga ta leƙa shago ta ce, "Yaya, Mama ta ce ka daina yawo." In ji muryarsa daga ciki ya ce, "To." Ni da na yi shekaru cikin yara na san "to" iri biyu ce. Akwai wadda yaro ke faɗa in magana ta shige shi, akwai wadda yake faɗa don a ƙyale shi. Tasa ta koma ta biyun, ina ji ina gani. In ya shigo cikin gida ya tarar ina hira da ƙannensa muna dariya, sai in gyara fuska in kama wani aiki, dariyar ta mutu. Ya ɗauki abin da ya zo ɗauka ya fita. A hankali ya rage shigowa.

Ya gama sakandare, sakamako bai cika ba. Ya sake zama, bai cika ba. Sai ya fara zuwa Kongolam, yana jigilar kaya a babur ɗin wani daga wannan gefen iyaka zuwa wancan. A can ya haɗu da samarin da suke dawowa daga haƙar zinari a sahara, can gaba da Agadas, wasu da sabon babur, wasu da babbar waya. Waɗanda ba su dawo ba ba wanda yake ganinsu a Kongolam. Yana da shekara sha tara ya gaya wa babansa zai bi wasu su tafi.

Maigidana dillalin shanu ne a kasuwar Mai'aduwa, muryarsa ta kasuwar shanu ce, ko gaisuwa yake yi sai ka ɗauka rigima ce. Ya tsare yaron a zaure bayan azahar, duk unguwa ta ji. Ya ce ba inda za shi, ya lissafa masa 'ya'yan mutanen da suka tafi aka daina jin ɗuriyarsu, ya yi rantsuwa, ya buga ƙofa. Ina daga madafa ina jiran amsa, sai na ji ta: "To, Baba."

Maigidana ya shigo yana huci ya zauna kan turmi. Ya ce, "Wannan 'to' ɗin tashi ba ta gaskiya ba ce. Tafiya zai yi. Ki yi mashi magana."

Na ce, "Ni? Da wane bakin?"

"Da wanda kike yi ma 'ya'yan mutane. Ni ya saba da faɗana, ya zame mashi ƙarar injin niƙa. Ke ba ki taɓa ce mashi komai ba. Ranar da kika buɗe baki zai ji."

Ban taɓa jin maigidana ya faɗi magana mai hankali irin wannan ba, kuma na ji haushinsa da ya faɗe ta. Kwana uku ina shiri. A hanyar makaranta ina maimaitawa, a aji ina rubutu a allo ina maimaitawa. Na rage ta har ta koma jimla uku gajeru, waɗanda ɗan aji ɗaya zai iya karantawa. Kar ka tafi. Ina jin tsoro. Ina son in riƙa ganinka. Na ce zan zaunar da shi, in kira sunansa sau ɗaya a rayuwata, Allah ya yafe mini, in faɗa.

Shi ya riga ni. Ranar Alhamis bayan la'asar ina kan tabarma ina tsintar wake a faifai, ƙanwarsa na gefena tana gyaran zogale. Ya yi sallama, ya cire takalmi tun daga nesa, ya zo ya tsuguna kusa da turmi.

"Malama, barka da yamma."

"Yawwa."

"Na zo ne in shaida maki. Jibi in Allah ya kai mu za mu tafi."

Ya sunkuyar da kai. Ranar ce na fara kallonsa sosai tun yana jariri. Gemu ya fara fito masa. Akwai tabo a haɓarsa, tsohon tabo, ban san inda ya samo shi ba, ban san yaushe ba. Kunnuwansa irin na mahaifina ne sak, shekara sha tara ban lura ba. Jimlolina uku suna nan a maƙogwaro a jere. Na juya na dubi ƙanwarsa na ce, "Mutane dai na cewa hanyar nan ba ta da kyau."

Shi ya amsa. "Haka ake cewa."

"Wasu kuma an ce ba a sake jin labarinsu."

"Haka ne."

Bai tashi ba. Mai sallama in ya gama yakan miƙe, shi kuwa ya zauna a tsugune, yana jan layi a ƙasa da ɗan yatsa. Waken ya ƙare, na ci gaba da tsintar wanda na riga na tsince. Ƙanwarsa ta daina gyaran zogale tana kallona. Na buɗe baki da niyyar kiran sunan, wallahi da niyyar na buɗe shi. Amma baki yana da hanyar da ya saba. Tun da aka haife shi abu ɗaya ne na taɓa faɗa masa kai tsaye ba ta bango ba, shi ne addu'a: ranar salla in ya zo gaisuwa, ko ranar jarrabawa. Ita kaɗai aka yarje mini, ita kaɗai na iya. Na ji kaina ina cewa, "To, Allah ya kiyaye hanya. Allah ya ba da sa'a."

Ya ɗago ya dube ni ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba. Ba fushi a fuskarsa. Ya ce, "Amin. Na gode." Ya miƙe ya sa takalminsa ya fita.

Duk wanda ya taso a ƙasar nan ya san abin da na yi. Uwa ba ta cewa Allah ya kiyaye hanya sai ta sallami mutum. Ni tsoro ne ya fito da ita daga bakina, amma kalmar ba ta da wata ma'ana sai izini. Yaron ya sami babansa a masallaci ya ce masa, "Malama ta sa mani albarka." Maigidana ya dawo ya tsaya bakin ƙofata ya daɗe yana kallona. Mutumin da ba ya iya neman buta sai da hayaniya, ranar ko kalma bai ce ba. Ya juya ya fita.

Saura kwana ɗaya da rabi. Wannan ne wurin da nake kasa yafe wa kaina, don shagonsa na nan, ƙofar a buɗe, ba wanda zai hana ni shiga. Maimakon haka na tashi da aiki. Na soya gyaɗa na yi ƙuli-ƙuli, na daka yaji da citta da kanumfari, na yi dakuwa, na soya gari da sukari wanda zai daɗe bai lalace ba. Juma'a sukutum ina bakin turmi har tafin hannuna ya yi kanta. Na ɗauka duk wanda ya ga wannan dakan zai gane abin da nake nufi. Na ƙulle komai a leda na ba ƙanwarsa na ce, "A kai ma mai tafiya." Ranar Asabar da hantsi ya shigo ya gaida kowa, ina madafa na amsa daga ciki. Ƙanwar ce ta raka shi tasha tana riƙe da ledar.

Ya kira daga Damagaram, ya kira daga Agadas. Wayar babansa yake kira, a buɗe murya kowa ya ji. Ya tambayi ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi tumaki, a ƙarshe ya ce, "A gaida Malama." Sau ɗaya ƙanwarsa ta fizgi wayar ta manna mini a kunne kafin in kauce.

"Malama, kina ji na?"

"Ina jin ka. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya zafi?"

"Akwai shi."

Ina jin iska na kaɗawa a wajensa. A waya ba bangon da zan duba, ba turmi, ba kaza. Ni ce da shi kawai, kuma ban san yadda ake yi ba. Na ce, "To, Allah ya taimaka," na miƙa wa babansa. Ban sake jin muryarsa a kunnena ba.

Wajen wata takwas kira ya ɗauke. Aka ce wani daga wajen Baure da suka tafi tare ya dawo, maigidana ya hau mota ya je ya same shi. Mutumin ya ce ramin da suke haƙa ya daina ba da komai, sai suka rabu a bakin wata rijiya, shi ya juyo gida, ɗanmu ya bi wata tawaga suka ƙara gaba arewa. Iyakar abin da ya sani ke nan. Yau shekara shida. Ba gawa, ba zaman makoki, ba labari. Maƙwabta ba su san ko su ce ya haƙuri ba, ko su ce ya labarin mai tafiya. Kuma ba ni ake tambaya ba, babansa ake tambaya, tun da ɗan fari ne, ba a son a ba ni kunya. In na zauna cikin mata aka yi zancensa sai in kama gyaran ɗankwali. Na sha jin suna cewa a bayana, "Kun ga Malama, ko a jikinta, akwai tawakkali." Yabon da nake nema tun ina amarya har yanzu ana ba ni shi.

Na yi ritaya. Iyaye ba su daina zuwa ba, wasu ma 'yan ajina ne na da, yanzu da nasu 'ya'yan masu kunnen ƙashi. Ina faɗa musu abin da na saba faɗa, don gaskiya ne. Sai dai yanzu nakan tambaya ko na nawa ne a ɗaki. In uwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Shi ne babba," sai in sallami yaron waje in daɗe da ita. Wasu su ji, wasu su yi dariya su ce, "Malama, ke ma ai haka kika yi." In ce haka ne.

Bana ƙanwar tasa ta dawo gida haihuwar fari. Namiji ta samu, ta kuma roƙi mijinta aka sa masa sunan yayanta. Sunan da shekara da shekaru ba a ji a cikin gidan nan ba sai ga shi yana yawo daga safe har yamma, don yarinyar nan ba ta san wani laƙabi ba. Ta kira shi in zai sha nono, ta kira shi in ya yi atishawa, ta yi masa waƙa da shi. Wata safiya bayan ta fito wankan jego, maƙwabta uku suna zaune a ɗaki, ta ɗaga shi sama tana sumbatar cikinsa tana kiran sunan. Sai na ji muryar mahaifiyata ta fito daga bakina.

"Ke, ba ki da kunya? Ɗan fari ne fa. Ki riƙa kama kanki gaban mutane."

Matan suka yi dariya suka ce yaran yanzu ke nan. Ita ba ta yi dariya ba. Ta jira har suka fita, ta ja labule, ta dawo ta zauna gabana da yaron a cinya.

Ta ce, "Mama, akwai maganar da ban taɓa gaya maki ba. Ranar da na raka Yaya tasha."

Na ce ina jin ta.

"Mota ta cika bai shiga ba, sai da direba ya yi ta kira. Ya jawo ni gefe ya ce, 'Ke da take hira da ke, ta taɓa yi maki zancena?'"

Na ce, "Me kika ce mashi?"

"Na ce a'a."

Na dube ta.

"Shekarata sha huɗu, Mama. Ban san ana yin ƙarya a irin wannan wurin ba. Aike kike ba ni, ki ce in ce mashi kaza. Zancenshi kuwa ba ki taɓa yi mani ba."

"Shi ya ce me?"

"Ya ce dama ya sani. Ya ce ranar da ya tsuguna gabanki jira yake ki ce ya zauna. Ko bango kika kalla kika faɗa, da ya fasa, don shi ma tsoron tafiyar yake ji. Ya ce amma ba komai, tun da kin yi mashi addu'a. Ya karɓi ledar ya shiga mota."

Ba ta yi kuka ba, ina jin ta gama nata tun da daɗewa. Duk shekarun nan ina lallashin kaina da cewa ko da na yi magana ba lallai ya ji ba, samari ba sa jin magana, babansa ma ya yi bai ji ba. Da wannan nake iya cin abinci. Cikin minti biyu ta karɓe mini shi. Ɗana ya tafi yana da tabbacin ban damu da shi ba, ya nemi shaida aka ba shi, kuma shaidar ba ta yi ƙarya ba.

Ta miƙe ta ɗora mini jaririn a hannu ta ce, "Riƙe mani shi in sha kunu." Tana fita ya fara kuka. Na jijjiga shi, na ɗora shi a kafaɗa, na ce yi shiru, yaro, yi shiru. Daga tsakar gida ta ɗaga murya ta ce, "Ki kira sunanshi, Mama, ya san shi."

Na kira. Shekara ashirin da biyar sunan yana bakina, na fito da shi ga jariri ɗan kwana ashirin da bai san abin da ake cewa ba. Muryata ta fito kamar ba tawa ba. Bai yi shiru ba, sai na sake kira.